Ina Ne Mazaɓar Wanda Ruwa Ya Kora?

 

Sharhinmu na yau yana kan wata mas'ala wadda ba a cika tuna ta ba sai lokacinta ya ƙure, watau makomar ƙuri'ar mutumin da wata musiba, kamar ambaliya ko tashin hankali, ta raba shi da muhallinsa. Idan ruwa ya kori mutum daga garinsu, ranar zaɓe kuma ta riske shi a wani gari, a ina zai kaɗa ƙuri'arsa? A can inda ya baro? A nan inda ya sauka? Ko kuwa ya koma gefe ya zuba ido, wasu su zaɓa masa shugabanni?

Zan faɗi matsayina tun yanzu, domin mai sauraro ya san inda aka dosa. Ambaliya tana cin gida, amma ba ta cin haƙƙin mai gida. Mutumin da ya wayi gari ɗan ƙasa ne mai cikakken 'yanci, ruwa ya shigo da dare ya tafi da rumbunsa da katangarsa da akuyarsa, lalle da safe yana nan ɗan ƙasa kamar jiya, babu abin da ya ragu daga darajarsa, kuma bai kamata wata ƙa'ida ta ofis ta ƙarasa masa ɓarnar da ruwa ya fara ba.

To, bari mu fara daga tushe, mu ji abin da doka ta ce. Tsarin mulkin Nijeriya na 1999, a sashe na 77, ya ba duk ɗan ƙasa da ya kai shekara 18, kuma yake zaune cikin ƙasar lokacin rajista, haƙƙin a rubuta sunansa cikin masu zaɓe. Sashe na 41 ya ba shi 'yancin ya zauna duk inda ya ga dama a faɗin ƙasar. Sai dokar zaɓe ta 2022, wadda a ƙarƙashinta aka yi babban zaɓen 2023, ta zo ta yi tafsili. Ta ce mutum zai yi rajista ne a inda yake zaune, ko inda yake aiki, ko inda asalinsa yake, kuma sau ɗaya tak. Ranar zaɓe ba zai kaɗa ƙuri'a ba sai a rumfar da sunansa yake, da katinsa a hannu. In ya ƙaura yana son a mayar da sunansa sabon wuri, ko katinsa ya salwanta yana son wani, wajibi ne ya nema tun zaɓe yana sauran aƙalla kwana 90.

Kada mu yi gaggawar aibata waɗannan sharuɗɗa, domin akwai hikima a cikinsu. Da an bar kowa ya yi zaɓe inda ya ga dama, da masu hannu da shuni sun riƙa kwasar mutane a manyan motoci daga wannan gunduma zuwa waccan, su naɗa wa jama'a wakilin da ba su sani ba, shi ma bai san su ba. Maƙasudin sharaɗin zama shi ne wanda zai sha ruwan rijiyar gari, ya kai ɗansa makarantar gari, ya kwanta a asibitin gari, shi ne zai zaɓi mai kula da rijiyar da makarantar da asibitin. Wannan adalci ne, babu mai hankalin da zai yi jayayya da shi.

Amma ga inda illar take. Dukan waɗannan sharuɗɗa an gina su ne bisa zaton cewa mutum yana ƙaura da ganin damarsa, ya shirya, ya ɗaure kayansa, ya sa takardunsa cikin jaka, ya yi sallama da maƙwabta. Wanda ruwa ya tasa cikin dare, yana ɗauke da yaro a wuya, matarsa tana goye da wani, tsohuwarsa tana riƙe da gefen rigarsa, bai shiga cikin wannan zato ba ko kaɗan. Shi bai zaɓi ranar tafiya ba. Bai zaɓi masauki ba. Bai kuma san ranar komawa ba.

Domin kada a ce magana ce ta iska, mu tuna abin da ya faru a idonmu. A ranar 31 ga Yulin 2022 hukumar zaɓe ta ƙasa, INEC, ta rufe rajista, wadda a cikinta ne ake neman sauya rumfa da sabunta katin da ya ɓace, domin ta sami sukunin tace sunaye da buga katuna. Ba a daɗe da rufewar ba damina ta yi nauyi. Cikin Agusta da Satumba ruwa ya mamaye garuruwa da gonaki a Jigawa, musamman a ƙasar Haɗejiya. Cikin Satumba aka saki ruwa daga madatsar Lagdo ta Kamaru, kogin Binuwai ya tumbatsa, ya bi ta Adamawa da Taraba da Binuwai, ya haɗu da kogin Kwara a Lokoja, har hanyar Abuja ta yanke, sannan ya gangara ya shafe yankuna masu yawa a Anambra da Bayelsa. Mutum fiye da 600 suka riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu, fiye da miliyan ɗaya kuma suka rasa matsuguni. Zaɓen shugaban ƙasa ya zo ranar 25 ga Fabrairun 2023. Ku duba jerin nan da kyau, jama'a. An rufe ƙofa a Yuli. Ruwa ya zo a Satumba. Zaɓe ya zo a Fabrairu.

Gaskiya ne kafin Fabrairu ruwa ya janye, da yawa sun koma sun fara ɗora tubali. Amma wanda bai koma ba fa? Shi ya sami kansa a gaban ƙofofi uku, kowace a kulle. In ya ce zai yi zaɓe a inda ya sauka, sai a ce sunansa ba ya cikin littafin wannan rumfa, na'urar tantancewa ma ba ta san shi ba. In ya ce zai koma garinsu, sai ya tuna ba shi da kuɗin mota, alhali abin da zai sa a bakin yara ma gagararsa yake yi, ga shi kuma ranar zaɓe akan hana zirga-zirgar ababen hawa, sai dai ya tafi tun jajibere ya kwana a kangon gidansa. In kuwa ya daure ya je, sai a tambaye shi kati, katin da yake cikin akwatin da ruwa ya tafi da shi tare da takardar gona da ta haihuwar yara. Babu wanda ya ce masa an hana ka zaɓe. Amma an hana shi.

Yanzu mu matsa zuwa tambaya ta gaba. Me ya sa wannan ya dame mu, alhali mutumin da ya rasa gida abinci da magani da tabarma ne a gabansa? Dalili shi ne, babu wanda ya fi shi buƙatar a ji muryarsa a wurin masu mulki. Ruwan sama ƙaddara ce daga Allah, wannan mun yi imani da shi. Amma gyaran madatsa aikin hukuma ne. Share kachalla daga bakin kogin Haɗejiya aikin hukuma ne. Haƙa magudanan ruwa da hana gini a kan hanyar ruwa aikin hukuma ne. An kammala madatsar Lagdo tun 1982, kuma tun zamanin ake maganar gina wata a Dasin Hausa, cikin Adamawa, wadda za ta riƙa tare ruwan idan an sako shi, aka yi shekaru arba'in ana maganar ba a gama ta ba. Wa ya fi cancanta ya tambayi ɗan takara labarin wannan madatsa? Ai sai wanda rashinta ya kwantar masa da gida. Idan shi ne aka fitar daga layin zaɓe, to an fitar da babban mai shaida daga zauren shari'a, aka bar waɗanda suka ji labari su yanke hukunci. Ambaliya tana cin gida, amma ba ta cin haƙƙin mai gida.

Adalci ne kuma mu faɗi ƙoƙarin da aka riga aka yi. Lokacin da zaɓen 2015 ya gabato, rikicin Boko Haram ya riga ya raba ɗimbin jama'a da garuruwansu a Borno da Yobe da Adamawa, ƙananan hukumomi da dama kuma ba su shiguwa. Hukumar zaɓe, a ƙarƙashin Farfesa Attahiru Jega, ta ga cewa in aka bi zahirin doka kurum, jama'ar garuruwa sukutum za su rasa ƙuri'a, sai ta shirya cibiyoyin zaɓe a sansanoni da wuraren da ke da aminci, aka ɗauko rajistar rumfunan da aka gudu aka bari, aka shimfiɗa ta a can. Mutumin Bama ya tsaya a Maiduguri, ya zaɓi wakilin Bama. Majalisa ta yi wa doka gyara a shekarar ta 2015, ta ɗora wa hukumar nauyin ta tabbatar, gwargwadon iko, cewa waɗanda halin gaggawa ya raba da muhallinsu ba su rasa ƙuri'a ba, wannan hukunci kuma ya sake fitowa a sashe na 24 na dokar 2022. A 2018 hukumar ta fitar da tsari na musamman kan zaɓen 'yan gudun hijira, ta sabunta shi a 2022. Wannan aiki ne abin yabo.

Sai dai akwai giɓi biyu da suka rage, kuma su ne nake roƙon masu saurare su riƙe. Giɓi na farko shi ne iyakar jiha. Tsarin ya raba masu gudun hijira kashi biyu. Wanda ya gudu amma bai fita jiharsu ba, yana iya zaɓen kowane muƙami. Wanda ya ƙetare zuwa wata jiha, shugaban ƙasa kaɗai aka yarda ya zaɓa. Ruwa kuwa, kamar yadda kowa ya sani, ba ya tambayar inda iyakar jiha take. Mutumin Guri ko Birniwa a Jigawa, idan ruwa ya taso, watakila Nguru ta jihar Yobe ce mafi kusa da shi, can kuma 'yarsa take aure. Da ya taka wannan 'yar tafiya, ya rasa ta cewa kan gwamnansa da sanatansa da ɗan majalisarsa, watau ainihin mutanen da ke da alhakin sake gina garinsu.

Giɓi na biyu ya fi na farko ɓoyuwa, kuma kyawun halinmu ne ya haife shi. A ƙasarmu, wanda musiba ta afka wa ba sansani yake fara nufa ba. Gidan ƙanensa yake nufa, ko na surukinsa, ko na abokin cinikinsa na kasuwa, a share masa ɗaki, a ƙara ruwa a tukunya, ba tare da an rubuta sunansa a wani littafi ba. Mafi yawan waɗanda aka raba da muhallinsu a arewa maso gabas cikin jama'a suke zaune, a gidajen 'yan'uwa da na haya. Hukuma kuwa sansani take iya gani, domin shi ne ke da shinge da shugaba da jerin sunaye. Ashe zumuncin da ya rufa wa mutum asiri, shi ne kuma ya ɓoye shi daga idon mai rajista. Bai dace a ce sai wanda ya rasa dangi ne zai sami rumfar zaɓe ba.

Yanzu mun iso wurin da mas'alar ta fi wuya, watau sha'anin lokaci. Sai yaushe ne baƙo yake zama ɗan gari? Ku ɗauki misalin iyalin da suka fito daga Gwoza a 2014, suka sauka a Maiduguri, suka kama haya, suka kama sana'a. Ranar 10 ga Satumbar 2024 madatsar Alau ta ɓalle, ruwan kogin Ngadda ya shiga birni, ya cika Gwange, ya shiga kasuwar Monday Market da fadar Shehu da asibitin koyarwa, har aka sake buɗe sansanin Bakassi wanda aka riga aka rufe. Waɗannan bayin Allah an kore su sau biyu ke nan. Yaron da suka fito da shi yana ɗan shekara 8, a shekarar ambaliyar ya cika 18, ya isa zaɓe. Mahaifinsa kullum zuciyarsa tana ga gonarsa ta gindin dutse. Shi kuwa yaron Maiduguri ya sani, nan ya yi karatu, nan abokansa suke. Wace ƙa'ida guda ɗaya ce za ta yi wa uban da ɗan adalci a lokaci ɗaya?

A nan nake ganin za mu ƙaru da hanyar malamanmu na fiƙihu, ba don ana daidaita ibada da siyasa ba, Allah ya kiyaye, sai don a ga yadda masu zurfin nazari suka warware mas'alar zama tun da daɗewa. A mazhabar Imamu Malik, wadda akasarinmu muke bi, ba a raba mutane kashi biyu kurum, ɗan gari da baƙo. Akwai matafiyi, wanda yake ƙasaru. Akwai muƙimi, wanda ya sauka a gari ya yi niyyar kwana huɗu ko fiye, sai ya cika sallarsa. Akwai kuma wanda ya yi istiɗani, watau ya ɗauki garin mazauninsa na dindindin, irinsa ne ake ƙidayawa cikin mutanen da Juma'a ke ƙulluwa da su. Wanda kuwa ya sauka yana jiran wata buƙata, bai san ko yau zai tashi ko gobe ba, hukuncin tafiya bai rabu da shi ba ko da kwanaki sun yi yawa. Mutum uku suna iya kwana a zaure ɗaya, kowanne da hukuncinsa. Abin da ya bambanta su niyya ce, niyya kuwa mai ita ake tambaya.

To, haka ya kamata dokar zaɓe ta yi. A tambayi mutum. In ya ce zuciyata tana gida, jira nake ruwa ya janye ko hanya ta yi aminci in koma, sai a bar sunansa a rajistar garinsu, a kawo masa akwatin garinsu inda yake, ko da a wata jiha ce, ya zaɓi gwamnansa da wakilinsa. In kuwa ya ce na yanke ƙauna da komawa, nan zan zauna, nan za a binne ni, sai a mayar da sunansa nan, ya zaɓi kansilan unguwar da yake biyan haya a cikinta. Ƙuri'a ɗaya, wuri ɗaya, amma shi zai faɗi wurin. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Kada a zaci wannan matsala tamu ce mu kaɗai. A watan Agustan 2005 guguwar Katrina ta nutsar da mafi yawan birnin New Orleans na Amurka, mutanensa suka watsu. Aka ɗage zaɓen magajin gari daga Fabrairu zuwa Afrilun 2006, aka sauƙaƙa aika ƙuri'a ta gidan waya, aka buɗe cibiyoyin zaɓe a wasu garuruwan jihar Louisiana, amma ba a buɗe ko ɗaya a wajen jihar ba, alhali dubbai suna Houston da Atlanta. Sai da ƙungiyoyi suka yi ta ɗaukar mutane a motocin safa, duk da haka unguwannin da ruwa ya fi ci, waɗanda akasarin mazaunansu baƙaƙen fata ne, su ne fitowarsu ta fi raguwa. A Turkiyya kuma, girgizar ƙasa ta 6 ga Fabrairun 2023 ta zo wata uku kafin babban zaɓe. Aka ba waɗanda suka ƙaura ɗan wa'adi su sauya adireshi, amma wanda ya sauya, wakilan sabon wuri zai zaɓa, wanda kuma yake son ya zaɓi wakilan garinsu da ya rushe, dole ya yi doguwar tafiya ya koma. Darasin ɗaya ne a ko'ina. Idan aka bar nauyin a kan wanda musiba ta sama, mai hali ya je, talaka ya zauna.

Na san akwai masu saurare da suke da ja, kuma jansu yana da hujja, saboda haka bari mu saurare su. Na farko zai ce wannan sauƙi ƙofar maguɗi ce, kowane ɗan siyasa zai tara 'yan barandansa ya ce ruwa ne ya koro su. Amsa ita ce, a da wannan tsoro yana da ƙarfi, lokacin da takarda ce kaɗai shaida. Yanzu kuwa hukumar zaɓe tana riƙe da zanen yatsa da hoton fuskar duk wanda ya yi rajista, na'urar BVAS kuma da su take tantancewa. Ruwa yana tafiya da kati, ba ya tafiya da yatsa. Hukumar da kanta, bayan ta yi bitar zaɓen 2023, ta ba da shawarar kada a mayar da katin roba shi kaɗai ne hanyar shiga rumfa. In an so a gane mutum, za a gane shi.

Na biyu zai ce mutumin sansani ba shi da cikakken 'yanci, domin hannun da ke ba shi buhun shinkafa shi ne ke neman ƙuri'arsa. Wallahi wannan gaskiya ce, kuma ita ce mafi muni cikin haɗarurrukan. Mai jin yunwa yana da saurin jin tsoro, wanda kuma aka ce masa in ba ku zaɓe mu ba za a rufe sansani, yana cikin wani irin tilas. Amma maganin wannan shi ne a raba agaji da yaƙin neman zaɓe, a hana hoton ɗan takara a jikin buhu, a bar kowace jam'iyya ta shiga sansani ta faɗi manufarta, a kafa wurin dangwale inda babu idon shugaban sansani. Ba a hukunta wanda aka zalunta da laifin wanda ya zalunce shi.

Na uku, shi ɗan gari ne mai masauki, zai ce mun karɓe su hannu bibbiyu, yanzu kuma za su rinjaye mu a akwati su naɗa mana shugaba? Wannan ma damuwa ce ta gaske, ta kuma haddasa fitina a wurare da yawa inda ake rigimar ɗan ƙasa da baƙo. Amma ku lura, ba wa mutum damar ya zaɓi wakilin garinsu daga inda yake, shi ne babban abin da zai kwantar da wannan fargaba, domin mai niyyar komawa ba shi da sha'awar kujerar kansilan wani. Wanda kuwa ya zauna dindindin, yana biyan haraji a kasuwarku, yana sallah a sahunku, tsarin mulki ya riga ya ba shi wannan haƙƙi.

To, me ya kamata a yi? Abu na farko, doka ta tanadi wata ƙofar lalura, ta yadda duk yankin da hukuma ta tabbatar musiba ta afka masa, za a sake buɗe wa mutanensa kaɗai damar sauya rumfa da sabunta kati, ko da an rufe wa sauran jama'a. Malamai sun ce tsanani yana jawo sauƙi, wannan ƙa'ida ce da kowace shari'a mai adalci ta sani. Abu na biyu, ranar da ma'aikatan hukumar agajin gaggawa suka je rubuta sunayen waɗanda za a ba tallafi, jami'in zaɓe ya bi su da na'urarsa, kuma kada su tsaya a sansani, su shiga unguwanni, masu unguwanni da dagatai su nuna musu gidajen da aka sauki baƙi. Abu na uku, a kawar da shingen iyakar jiha, ƙuri'ar mutumin Jigawa da ke Yobe ta koma Jigawa a ƙidaya ta. Abu na huɗu, a yi duk wannan tun sararin sama yana fari. Hukumomin hasashen yanayi da na kula da koguna suna fitar da gargaɗi kowace shekara kafin damina, har su ambaci ƙananan hukumomin da ke cikin haɗari. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Wannan kuwa ba alfarma muke roƙo ba, alkawari ne muke tunatarwa. A 2009 ƙasashen Afirka suka ƙulla yarjejeniyar Kampala kan kare waɗanda aka raba da muhallinsu cikin ƙasarsu, ko yaƙi ne ya kore su ko bala'in ruwa da fari, a cikinta kuma aka ambaci haƙƙinsu na su yi zaɓe a kuma zaɓe su, da haƙƙin a sake ba su takardun da suka salwanta. Nijeriya ta amince da ita a 2012, shekarar da ita kanta ta sha wata babbar ambaliya. Maƙwabciyarmu Nijar ta riga kowa a nahiyar mayar da ita dokar cikin gida, a ƙarshen 2018. Alkawari kaya ne, wanda ya ɗauka kuma shi ake jira ya sauke. Ambaliya tana cin gida, amma ba ta cin haƙƙin mai gida.

Daga ƙarshe, ga kalmata gare ku, jama'a masu saurare. Kai da wannan jarrabawa ta sama, ko a Haɗejiya, ko a Maiduguri, ko a Mokwa inda ruwa ya afka wa Tiffin Maza da Unguwar Hausawa cikin Mayun 2025, Allah ya mayar maka da alheri. Da zarar ka ji an buɗe rajista, ka je ofishin zaɓe na ƙaramar hukumar da kake, ka faɗi halinka, ka nemi sabon kati ko sauyin rumfa, kada ka bari sai an fara kaɗa gangar siyasa. Kai mai masauki, Allah ya saka maka, ka cika ladanka, ka raka baƙonka wurin rajista, kada kuma ka manta da matan gidan, domin su ne aka fi bari a baya. Ku da kuke zaune a bakin kogi, ku haɗa katin zaɓe da sauran takardu masu muhimmanci cikin leda, ku rataye su inda hannu zai kai cikin duhu. Iyayenmu sarakuna da malamanmu limamai, ku faɗakar a fada da kan mumbari. Ku kuma wakilanmu na majalisa, idan kun zo neman ƙuri'a za mu tambaye ku abin da kuka yi kan wannan mas'ala, ku tanadi amsa.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kare mu daga sharrin ruwa da na fitina, ya ba mu shugabanni masu tausayin talakawa.